An yi wa kwamfuta fomatin, hoto ya baje, haske ya ƙi raguwa: sikirin ne ko direba?

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Gwagwalada. Na sayi HP EliteBook 840 G3 ta hannu, aka yi mata fomatin aka sa Windows 10. Tun daga ranar rubutu da hotuna suka zama manya kuma a baje, hasken sikirin ya ƙi raguwa, bidiyo yana sarƙewa, majigin ajinmu ma ya ƙi kama ta. Abokina ya sa mini wata manhaja mai nemo direbobi da kanta, sai abin ya ƙaru, yanzu sikirin yana ƙyaftawa, wani lokaci ya yi baƙi na 'yan daƙiƙu. Mai gyara ya ce sai an canza sikirin. In canza?

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna, kada ka bari a taɓa sikirin ɗin nan. Dubi abin da ka lissafo: rubutu ya yi manya, haske ya ƙi raguwa, bidiyo na sarƙewa, majigi ya ƙi kamawa, kuma duk rana ɗaya suka faro, ranar da aka yi fomatin. Sikirin ba ruwansa da fomatin. In ya lalace, layuka yake fitarwa, ko baƙin tabo mai yaɗuwa, ko rabinsa ya duhunce. Ko da fasa shi aka yi ma, majigi zai ci gaba da nunawa, domin hoton da ke zuwa majigi ba ta sikirin yake bi ba. Abin da ke iya haɗa matsalolin nan huɗu wuri guda shi ne rashin direban hoto.

A cikin kowace kwamfuta akwai cip ɗin da aikinsa zana abin da kake gani. A taka, yana cikin furosesar Intel ne, sunansa HD Graphics 520. Windows ba ta iya sarrafa shi kai tsaye sai ta hanyar wata manhaja da aka rubuta dominsa, ita ce direba. Idan aka ɗora sabuwar Windows ba ta samu wannan direban ba, sai ta jawo wani na wucin gadi da take tafe da shi, mai suna Microsoft Basic Display Adapter. Wannan kamar tayar sifiya yake, zai fitar da kai daga daji ya kai ka gida, amma ba a ɗaukar hanyar Kaduna da shi. Yana nuna hoto, shi ke nan. Bai san yadda ake rage haske ba, bai san da sikirin na biyu ba, kuma aikin bidiyo da cip ɗin ya kamata ya yi sai ya jibga wa furosesa, shi ya sa fanka ke ta kuka, batir yana saurin ƙarewa, bidiyo yana tsayawa. In ka duba da kyau, wataƙila Sleep ma ya ɓace daga inda ake kashe kwamfutar. Duk tushensu ɗaya.

Yawancin fomatin da ake yi a shagunanmu daga filas ake yi, ba tare da intanet ba, ana gamawa a zuba Office da VLC a miƙa wa mai ita. Da an jona ta da intanet an bar Windows Update ya yi aikinsa, sau da yawa da kansa zai nemo direban. Amma data kuɗi ce, ga layin masu jira, sai a tsallake.

Duk da haka ba na so ka ɗauki maganata ba tare da gwaji ba, musamman tunda ƙyaftawa ta shigo daga baya, ita kuwa tana iya fitowa daga direba, tana iya fitowa daga waya. Kashe kwamfutar, ka kunna, ka riƙa danna F10 har ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ke buɗewa kafin Windows ta tashi. A Dell F2 ne, a ThinkPad F1. A nan Windows ba ta tashi ba, babu direbanta ko ɗaya da ke aiki. Zauna ka zuba wa sikirin ido na 'yan mintuna. In hoton ya tsaya cak, babu ƙyaftawa babu layi, to sikirin lafiyarsa ƙalau. Kana nan a ciki, kama murfin ka ɗaga shi a hankali, ka sauke a hankali. Akwai wata siririyar waya da ta taso daga bod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, ta ratsa ta cikin maƙalar murfi ta shiga bayan sikirin, masu gyara suna ce mata feleks. Buɗewa da rufewa na shekaru yana cin ta. Idan hoto yana ɗaukewa ko canza launi a daidai wani kusurwa, ya dawo in ka motsa murfin, ita ce, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na sikirin ba. Na sha ganin an canza sikirin mai lafiya alhali wayar nan ce kawai ta sassauta daga mazauninta.

Akwai wasu gwaje-gwajen biyu masu sauƙi. In layuka ko ɗige-ɗige kake gani, danna Windows da PrtSc tare, ka tura hoton zuwa wayarka ta WhatsApp ka duba a can. In layukan sun fito a hoton, daga cip ne ko direba. In hoton ya fito tas, daga sikirin ne ko wayarsa, domin abin da kwamfutar ta zana daidai ne, wajen nunawa aka samu matsala. Na biyun kuma Microsoft ne da kansu ke ba da shi: lokacin da sikirin ke ƙyaftawa, danna Ctrl, Shift da Esc ka buɗe Task Manager. In shi ma yana ƙyaftawa tare da komai, direba ne. In shi kaɗai ya tsaya sauran na rawa, wata manhaja ce da aka ɗora take haddasa shi. Masu Dell suna da ƙarin gata: a kashe kwamfutar, a riƙe harafin D a danna makunni, sikirin zai gwada kansa, yana nuna launuka ɗaya bayan ɗaya.

To, mu ce ka gwada, sikirin ya kuɓuta. Yanzu sai babban aikin, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke ɓata. Sai mutum ya shiga Google ya rubuta sunan kwamfutarsa, ya danna abin da ya fara fitowa. Ni ba na yarda da sunan da ke jikin kwamfuta ta hannu, ba na yarda da sitikar da aka manna kusa da kibod. Kwamfutocin nan kafin su iso Abuja wasu an canza musu bod, wasu an ɗauko murfin ƙasa daga wata an ɗaura musu. Cip ɗin da kansa za ka tambaya ya faɗa maka ko shi wane ne.

Danna maɓallin dama na maus a kan alamar Start, ka zaɓi Device Manager, ka buɗe Display adapters. Abin da ke rubuce a ƙarƙashinsa shi ne direban da ke aiki yanzu. Wani lokaci za ka tarar da shi can ƙasa a Other devices, an rubuta Video Controller da wata 'yar alamar rawaya mai kusurwa uku a jikinsa. Ko a ina ka same shi, danna shi sau biyu, ka shiga Details, a jerin Property ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga layi mai kama da wannan:

PCI\VEN_8086&DEV_1916

Wannan layin ba ya ƙarya, domin daga jikin cip ɗin aka karanto shi, ko da direba ko babu. Lambobi huɗu na bayan VEN suna nuna kamfanin da ya ƙera: 8086 Intel ne, 10DE NVIDIA ne, 1002 kuma AMD, har da tsofaffin ATI, tunda AMD ta saye ATI a 2006. Huɗun da ke bayan DEV su ne ainihin samfurin. 1916 shi ne HD Graphics 520, wanda nake sa ran za ka gani. 0A16 shi ne HD 4400 da ke cikin irin su 840 G1, 0166 shi ne HD 4000 na irin su Folio 9470m, 5916 kuma HD 620. A layin da ya fi tsawo za ka ga SUBSYS, lambobi huɗun ƙarshensa suna faɗin wanda ya haɗa kwamfutar: 103C HP, 1028 Dell, 17AA Lenovo. Ɗauki hoton layin da wayarka. Sannan ka shiga Settings, System, About, ka duba ko Windows ɗinka 64-bit ce ko 32-bit, domin direban ɗaya ba ya hawa ɗaya.

Da waɗannan a hannunka, wurin farko da za ka nufa shafin HP ne, support.hp.com, ɓangaren Software and Drivers. Sa lambar siriyal ɗin kwamfutar. Wadda BIOS ke nunawa ta fi ta jikin murfi aminci, saboda dalilin da na faɗa. Zaɓi Windows 10, ka buɗe rukunin Graphics, ka sauke na Intel. Fayilolin HP da haruffan sp suke farawa, lamba ta biyo baya. Mai Dell zai sa Service Tag ɗinsa mai haruffa da lambobi bakwai a shafin Dell, mai Lenovo shi ma haka a nasu.

Me ya sa HP kafin Intel, alhali Intel ce ta ƙera cip ɗin? Saboda a kwamfutar cinya, mai haɗa ta ne ya san irin sikirin da ya saka, da yadda ya tsara haske da barci da fitar hoto ta ramukan gefe, kuma direban da ya ajiye a shafinsa an gwada shi a kan wannan samfurin. Za ka ga kwanan watansa ya tsufa, kada wannan ya dame ka. Mutane da yawa sun ɗauka sabon direba shi ne mai kyau. Ga mai wasannin kwamfuta da sabon katin NVIDIA, akwai gaskiya a ciki, domin ana fitar da gyara saboda sabbin wasanni. Ga cip irin naka kuwa, Intel da kanta tun a watan Yulin 2022 ta mayar da na ƙarni na 6 zuwa na 10 rukunin tsofaffi, ta ce gyaran tsaro da na manyan kurakurai kawai za ta riƙa yi musu. Babu wani sabon ƙarfi da ke ɓoye a sabon direba da zai mayar da HD 520 wani abu dabam. Wanda ya dace kake nema, wanda zai zauna lafiya.

In na HP ya ƙi, sai Windows Update: a Windows 10 akwai View optional updates, a ciki akwai Driver updates. In nan ma babu, sai shafin Intel, ka nemo da sunan cip ɗin. Akwai kuma Microsoft Update Catalog, inda za ka iya liƙa lambobin VEN da DEV ɗin nan kai tsaye ya fito maka da direbobin da suka dace. Bayan waɗannan wurare huɗu, ban san wani da zan tura ɗan'uwana ba. Fayilolin suna da nauyi, ɗaruruwan megabait ne, don haka ka nemi wurin da intanet ke da ƙarfi, kuma ka tabbata fayil ya sauka duka kafin ka buɗe shi.

Manhajar da abokinka ya sa maka kuwa, da kyakkyawar niyya ya yi, amma gyaran gangar Auzinawa aka yi. Irin waɗannan manhajoji suna duba lambar cip su ɗauko duk abin da ya fi sabunta a rumbunsu, ba ruwansu da ko an yi shi domin samfurinka. Wasu kuma suna shigo da tallace-tallace da wasu manhajojin da ba ka nema ba, suna ta nuna maka jan rubutu wai direbobi kaza sun tsufa don ka biya kuɗi. Cire ta gaba ɗaya kafin ka yi komai, in ba haka ba kana gyarawa tana mayarwa.

Kada ka ɗora sabon direba a kan wanda ta bari. Bayan ka sauke na HP ka ajiye, kashe intanet ɗin kwamfutar, don kada Windows ta riga ka ta saka nata. Koma Device Manager, danna dama a kan direban hoton, zaɓi Uninstall device, ka sa alama a akwatin da ke cewa a goge manhajar direban, sannan ka sake kunna kwamfutar. Hoto zai koma manya kamar da, wannan daidai ne. Yanzu buɗe fayil ɗin HP. Jona caja kafin ka fara, kuma in sikirin ya yi baƙi ya dawo sau biyu ko uku ana cikin ɗorawa, kada ka taɓa makunni, haka yake yi. Ya gama, ka sake kunnawa. In bayan haka ƙyaftawar ba ta tafi ba, akwai ragowar tsohon a ciki, sai a nemo wata manhaja ta kyauta mai suna Display Driver Uninstaller, ta Wagnardsoft, a gudanar da ita a Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kawai, ta share komai, a sake ɗorawa. Ita kam masu gyara na ƙwarai sun daɗe suna amfani da ita, amma daga shafin masu ita za a ɗauko.

In ana cikin haka sikirin ya yi baƙi ya ƙi dawowa, danna Windows, Ctrl, Shift da B tare. Za ka ji ƙara kaɗan, direban ya sake tashi. In bai yi ba, riƙe makunni ka kashe ta, ka kunna, da alamar Windows ta fito ka sake kashewa. In ka maimaita haka sau biyu zuwa uku, za ta shiga Automatic Repair da kanta. Daga nan Advanced options, Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sai ka danna 4. Safe Mode da direban wucin gadin nan yake tashi, don haka za ka ga hoto, ka cire wanda ya kawo matsalar.

Idan direba ya zauna, Device Manager zai nuna Intel HD Graphics 520 ba tare da alamar rawaya ba. Shiga Settings, System, Display, ka bar Display resolution a kan wanda aka rubuta wa Recommended. Samfurinka yana zuwa da sikirin iri-iri, akwai 1366 x 768, akwai 1920 x 1080. In naka na biyun ne, rubutu zai yi maka ƙanana a inci 14. Kada ka rage resolution don rubutu ya girma, hoto zai dushe. Scale za ka ɗaga zuwa 125% ko 150%. In ma'aunin haske ya dawo a Settings amma maɓallan kibod ba sa rage shi, wani ƙaramin direba ne ya rage, HP Hotkey Support, yana shafin da ka ɗauko na farko.

Maganar majigi: 840 G3 ba ta da ramin HDMI, VGA gare ta da DisplayPort. Ramin DisplayPort yana kama da na HDMI, sai dai gefensa ɗaya ne kawai a yanke, kuma na ga waɗanda suka lalata shi garin tura wayar HDMI da ƙarfi. In majigin ajinku na VGA ne, jona kai tsaye. In na HDMI ne, sai ka sayi 'yar mahaɗa daga DisplayPort zuwa HDMI, ana samun ta a Banex da sauran shagunan kayan kwamfuta na Wuse. Bayan ka jona, danna Windows da P ka zaɓi Duplicate. VGA ba ya ɗaukar sauti, hoto kawai.

Saboda masu karatu da nasu ba irin taka ba ne, bari in ƙara abu biyu. Mai kwamfutar da ke da cip biyu, na Intel da na NVIDIA ko AMD, zai ga layi biyu a Display adapters, kuma dole duka biyun su samu direba. A fara da na Intel, a sake kunnawa, sannan ɗayan, domin a yawancinsu ta cip ɗin Intel hoto ke fita zuwa sikirin. Na biyu ya shafi tsofaffi irin EliteBook 8460p, Latitude E6420 da ThinkPad T420, masu HD Graphics 3000 na 2011. Intel ba ta fitar musu da direban Windows 10 ba. Wanda Windows Update ke bayarwa yakan yi aiki, kuma shi ya fi dacewa a bari. Yawon neman sabo a shafukan da ba a sani ba shi ke jawo ƙwayar cuta. Haka masu tilasta wa irin waɗannan Windows 11, wadda ke buƙatar direba mai matakin WDDM 2.0 (ma'aunin direbobin hoto na Windows) da furosesar Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, su san cewa in hoto ya ba su matsala babu direban da aka yi domin wannan haɗin. Taka ma ƙarni na 6 ce, ba ta cikin jerin da Microsoft ta amince wa Windows 11, kuma tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Wannan magana ce ta wata rana, amma ka san da ita kafin wani ya ce zai ɗaukaka maka ita.

Akwai inda direba ba zai yi magani ba, kuma ya kamata ka gane shi don kada ka yi ta ƙona data. Windows tana ba cip ɗin hoto daƙiƙa biyu ya amsa. In bai amsa ba sai ta sake tayar da direban, wannan ne baƙin 'yan daƙiƙun da kake gani. In abin ya ci tura sai shuɗin sikirin ya fito da VIDEO_TDR_FAILURE, da sunan fayil a ƙasa: igdkmd64.sys na Intel ne, nvlddmkm.sys na NVIDIA, atikmpag.sys na AMD. Direba mara kyau yana kawo wannan, zafi ma yana kawo shi. In ka sa direban da ya dace a kan tsafta, amma abin yana dawowa duk lokacin da kwamfutar ta ɗauki zafi, sa hannunka a bakin ramin da iska ke fita. In fanka na ihu amma iskar ba ta da ƙarfi, ƙura ce ta toshe. Bayan hunturu ɗaya a garin nan, in aka buɗe za a tarar ƙura ta dunƙule tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya, har a ɗago ta da yatsa guda ɗaya ba ta wargaje ba. A share, a canza man da ke kan furosesa, a daina ɗora ta a kan katifa. In kuwa Device Manager yana nuna Code 43 bayan an gwada direbobi biyu ko uku na asali, ko layuka suna fitowa har a cikin BIOS da kuma a majigi, to matsalar ta koma kan bod, sai mai gyaran da ya san aikin bod.

Ranar da komai ya daidaita, ajiye direbobinka kafin wani fomatin ya sake zuwa. Sa filas, ka buɗe folda a ciki mai suna direbobi. Nemo Command Prompt, ka buɗe shi da Run as administrator, in filas ɗin harafin E ya ɗauka ka rubuta:

pnputil /export-driver * E:\direbobi

Zai kwafe duk direbobin da aka ɗora wa kwamfutar, na hoto da na sauti da na Wi-Fi. Nan gaba in aka sake mata Windows, a Device Manager za ka zaɓi Update driver, Browse my computer, ka nuna masa foldar, ba tare da ka kashe ko megabait ɗaya ba. Haɗa da fayil ɗin sp da ka sauke ka ajiye a wuri guda. In kuma wata rana Windows Update ya canza maka direban hoto abin ya rikice, shiga Properties ɗinsa, ɓangaren Driver, ka danna Roll Back Driver, zai mayar da kai kan wanda ke aiki.